Sai a Gangara

Tun da mantuwa ta kama maigidanta, Inna ba ta da wani buri illa ya dube ta ya san ko ita wace ce. Yakan gaishe ta da ladabi, kamar baƙuwar da ta shigo neman ruwa.

Ran nan da hantsi ɗansu Auta ya ɗauko su daga wurin likita, ya tsaya sayen magani a saman wata gangara. Da ya dawo ya murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru.

"Batir ne," in ji Auta. "Bari in kira bakanike."

"Bakaniken me?" Tsohon ne ya yi magana daga kujerar baya, muryarsa garau. "Kana kan gangara kana neman bakanike? Wa ya koya maka tuƙi, tela?"

Inna ta juya ta dube shi. Rabon da ya yi magana mai tsawo haka har ta manta. Sai ga tsohuwar motarsu ta dawo mata a rai, shuɗiya, mai ƙofa ɗaure da igiya, mai warin fetur. Motar ba ta tashi da makulli, saboda haka duk inda za su, tudu yake nema ya ajiye ta, ko da za su ƙarasa da ƙafa. Gidan hayarsu na farko ma yoyo yake yi, amma ya kama shi saboda gangarar ƙofarsa. Shi a sitiyari, ita a baya tana turi, zani ɗaure tamau. In inji ya kama, ta bi da gudu ta faɗa ciki, suna ta dariya.

"Taka kuloci, sa giya ta biyu," in ji tsohon. "Kada ka saki sai na ce."

Inna ta buɗe ƙofa ta fita.

"Inna, gwiwarki fa!"

"Kai dai riƙe sitiyarinka."

Ta dafa bayan motar, ƙarfen da ɗumi. Ta tura. Tayoyi suka fara mirginawa a hankali, kamar mai tashi daga barci.

"Saki!"

Motar ta yi tari, ta zabura, ta kama. Auta ya taka birki a ƙasa. Inna ta gangaro tana haki, ta zauna kusa da mijinta. Yanzu zai dube ta.

Amma gilashin baya yake kallo.

"Yaro, kada ka tafi tukuna," ya ce. "Matata ce ta tura mu. Ga ta can tana zuwa."

Auta ya buɗe baki, Inna ta dafa kafaɗarsa.

"Jira ta," ta ce.

Inji na ta gunaguni. Ita ma ta juya ta zuba wa gangarar ido, inda rana ke rawa a kan kwalta, har ta ji kamar ta hango kanta tana yarinya, tafe, takalmi a hannu.