Ƙwallon Kandara da Igiyar Sabil

Muna hawa na biyu Ammi Bandar ya tsaya, ya dafa bango yana haki. Ya ce in mutumin nan ya aiko ne don ya ci masa mutunci, in mai da shi gidansa a unguwar Safa yanzu. Na ce ba shi ya aiko ba, matarsa Hajiya Shatu ce ta roƙe ni. Ya yi tsaki, amma ya ci gaba da hawa.

Wanda muka zo wurinsa maƙwabcina ne, Ammi Abdulwahid, ƙofarmu na kallon tasa a nan unguwar Mahjar. Ammi, wato baffa, haka ake kiran dattijo a nan. A Jidda aka haife shi, a unguwar Sabil, shekara saba'in da 'yan kai da suka wuce. Da aka yi rusau aka share unguwar ne ya dawo kusa da mu. Kwana biyu kafin ranar, asibiti suka sallamo shi, suka ce wa ɗansa Raed a kai shi gida ya huta. Kowa ya gane.

Ni abin da ya hana ni sukuni shi ne kada ya mutu yana gaba da mutum. Ni mai fargaba ne, matata ma tana faɗa. 'Ya'yana uku suna shiga gidansa kamar gidan kakansu, ban so su taso suna jin cewa haka ya tafi ba. Shi ya sa na bar aiki tun azahar ba tare da na gaya wa kafilina, wato ubangidana a wurin aiki ba, na tafi ɗauko Ammi Bandar.

Asalin rigimar ƙwallo ce. A shekarar 1974 yaran Sabil da na Kandara sun buga wasan ƙarshe na unguwanni a wani fili bayan garejin manyan motoci. Ragar ba ta da ƙarfen sama. Turaku biyu ne aka kafa cikin gwangwanayen siminti, aka ɗaure igiya a tsakani. Abdulwahid ne golan Sabil. Bandar na Kandara ya buga daga nesa, igiyar ta girgiza, alƙalin wasa ya ce ta shiga. Abdulwahid ya ce ta sama ta bi. Shekara kusan hamsin suna wannan musun a teburin shayi ɗaya, kowa na dariya. Sai ranar da ake kwashe kaya daga Sabil, Bandar ya ce masa cikin wasa, yanzu ga filin ma ya tafi, sai ya kai ƙara wurin buldoza. Tun daga ranar Abdulwahid bai sake ɗaga wayarsa ba.

Mun same shi a kwance a falo, an jingina shi da matashi uku, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti. Ya rame ƙwarai, sai dai tafukan hannunsa suna nan manya, yatsun a karkace. Ya daɗe yana kallon Bandar.

"Ka tsufa, ya Bandar."

"Kai kuma ga ka saurayi, ya Abu Raed."

Hajiya ta kawo gahawa da dabino ta koma bakin labule. Suka fara hira suna cakuɗa Hausa da Larabci, wani wurin ma ban bi ba. Suka tuna mai kawo ruwa a kan jaki, da gidan da aka fara sa talabijin a layinsu, da ranar da suka taka da ƙafa har filin wasa don kallon Ittihad da Ahli suka dawo ba takalmi. Suka lissafa 'yan wasan ƙarshen nan na Sabil da Kandara ɗaya bayan ɗaya. A cikin ashirin da biyu, su biyu suka rage.

Da na ga la'asar ta gabato, na matsa na ce, Ammi, ku yafi juna mana. Bandar ya sunkuyar da kai ya ce maganar buldoza ta fito masa ba da niyya ba, a yafe masa. Abdulwahid ya ce ya yafe, duniya da lahira, shi ma a yafe masa. Na ji kamar an sauke mini buhu.

Sai Bandar ya ƙara da abin da yake ganin kyauta ce. Ya ce ƙwallon ma ya bar masa, halas, magana ta ƙare, ta sama ta bi.

Abdulwahid ya yunƙura zai tashi, Raed ya riƙe shi.

"Kada ka yi mini sadaka. Don ka ga ina kwance? Me ka gani ranar?"

Na yi wa Bandar alama da ido ya bar maganar, bai kalle ni ba.

"Na ga ta shiga," ya ce a hankali.

"Ƙarya kake. Ta sama ta bi." Ya koma kan matashi yana murmushi, numfashinsa na fita da ƙyar. "Gobe ka dawo, zan nuna maka inda na tsaya."

Bandar ya dawo washegari a tasi, da kansa. Ya dawo jibi ma. Daga ƙofata ina jin muryoyinsu, ɗaya na ƙara yin ƙasa. A rana ta huɗu da hantsi, Raed ya ƙwanƙwasa mana ya ce Baba ya cika. Aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi.

Zaman gaisuwa a bakin titi aka yi, an jera kujeru layi biyu bayan magariba. Yawancin waɗanda suka zo abokan aikin Raed ne, ba wanda ya san Sabil kafin ta zama fili. Wani a cikinsu ya tambayi Ammi Bandar yadda suke da mamacin. Bai ce aboki ba, bai ce ɗan'uwa ba. Ya ce shi ne ya ci shi a wasan ƙarshe, kuma mutumin ya mutu bai yarda ba.

Ya cire takalmansa ya ajiye su a kan kwalta, taku shida tsakaninsu, ya ce ga turaku. Ya ja da baya da sandarsa zuwa inda ya buga. Mai zuba gahawa ya iso da butarsa, ya ga takalman, ya zagaya ta bayansu.