Kujera Mai Gajeriyar Ƙafa

Idan mai magani ya ce ƙofarsa a buɗe take ga kowa, shin a cikin kowan nan har da wanda ya jawo maka ciwon? Tambayar ba ta da wuyar furtawa, amsarta ce har yau ba ta samu ba. Kafinta ma bai taɓa yi wa kansa ita ba sai ranar da ya zo da jakar kayan aikinsa.

Tun da tifar yashi ta take Autansa a hanyar makaranta, hannun Kafinta ya daina karɓar zarto. Da ya ɗauka sai yatsunsa su hau rawa. Ya rufe shago, katako ya yi ta shan rana har ya lanƙwashe. Yayarsa ce ta tasa shi gaba zuwa wurin matar da ake ce wa Likita, duk da ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Magana take yi da mutum, yawanci ma sauraro.

"Wurin mahaukata za ki kai ni, Yaya?" ya tambaya a hanya.

"Wurin masu hankali, ko za su ara maka kaɗan."

Daga nan ta zayyana masa tarihin Likita. Da can nas ce a ɗakin karɓar masu haɗari. Ta gaji da ganin ana ɗinke fata a sallami mutum zuciyarsa a yage, sai ta koma makaranta ta karanci halayyar ɗan Adam. Ta yi aiki da kurame har ta iya maganar hannu, ta yi da masu shaye-shaye, ta kuma yi shekaru tana shiga gidan yari. Kafinta ya jinjina kai, ya ce Allah ya saka mata da alheri. A ransa ya ce wadda ta saurari waɗannan ba za ta raina tsohon kafinta mai kuka ba.

Ba ta raina shi ba kuwa. Ɗakinta ba komai sai fanka, tulun ruwa da kujeru biyu. Ta baƙi ƙafarta ɗaya gajeriya ce, tana ƙwanƙwasa siminti duk lokacin da mutum ya motsa. A kanta ya ba ta labarin da ko matarsa bai ba wa ba. Makon jiya ya kasa daurewa.

"Likita, kujerar nan tana cin mutuncin sana'ata. Zan zo da kaya."

Ta dubi hannayensa, ta ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Zumuɗi ya sa ya zo da wuri. Maigadi ya leƙa jakar, ya ja da baya.

"A'a, Baba Kafinta, yau da makamai? Wa za a yanka?"

"Kujera. Kai ai ba ka da nama."

"To ɗan jira a benci, akwai mutum a ciki."

Bai kai ga zama ba ƙofa ta buɗe. Wani ramammen mutum ya fito, hularsa a hannu, idanunsa jajir. Kafinta ya ga tabon da ya raba girarsa ta hagu biyu. A kotu ya yi ta kallon tabon nan don ya kasa kallon idanun mai shi. Direban tifar ne.

Jakar ta suɓuce. Ƙusoshi suka watse a siminti, suna ta gangarawa, kamar ba za su tsaya ba. Direban ya durƙusa, ba a san ko tsinta zai yi ko roƙo ba.

"Baba..."

"Kada ka sake ce min Baba."

Mutumin ya miƙe, ya yi waje yana dafa bango.

Kafinta ya faɗa ɗakin ba sallama. Katifar kujerar ba ta ma gama tasowa ba, lotsawar zaman mutumin tana nan. Ya tsaya yana kallonta.

"Kin sani?"

"Zauna, Baba."

"A nan? Na ce kin sani?"

Likita ta miƙe tsaye ita ma. "Ba zan yi maka maganar wanda ya fita ba, kamar yadda ba zan yi wa kowa taka ba. Amma bai kamata in bar ƙofar da za ku haɗu ba. Wannan sakacina ne, ka yi haƙuri."

"Na faɗa miki yadda na tsinci takalmin Autana guda a cikin kwata. Kunnen da ya ji wannan, shi ne yake jin nasa?"

"Shi ne. Ba ni da wani."

Gidan yarin da Yaya ta ambata, wanda ya yaba har da addu'a, bai taɓa tunanin mutanen cikinsa suna da gira da tabo ba, ko kuma suna fitowa su zauna inda yake zama.

"Ki kore shi, ko ni in tafi."

"Ba zan kori kowa ba. Kuma ba na so ka tafi. Ban ce ka yafe ba, Baba, wannan ba hurumina ba ne. In ba za ka iya kallona ba daga yau, akwai abokin aikina, zan haɗa ku. Kada dai ka koma ɗaki ka rufe."

"Da bakinki mai sanyi, ashe ke ma..." Ya nuna kujerar da ɗan yatsa. "Wallahi ba zan taɓa ta ba. Ta karye da shi."

Ya fita, ya tsuguna yana tsintar kayansa, yana jefawa a jaka da ƙarfi. Maigadi ya tsuguna gefensa yana taya shi, ba wasa ba dariya. Sai da suka kusa gamawa Kafinta ya lura da wani abu. Ƙaramar ƙusa ce, irin ta bayan kabad, a tsakanin yatsunsa biyu, tsaye cak. Ba ta rawa. Ya juya hannun, ya ɗaga shi ga haske, ya yi masa kallon baƙo. Bai san yaushe rawar ta tafi ba. Ya dai san a wace kujera aka yi ta rage ta, ya kuma san abin da ke jiran sa a gida in ya saɓi jakar nan ya tafi: rufaffen shago da lanƙwasasshen katako.

Ƙarar sanda ta shigo daga waje. Wata tsohuwa ce makauniya, 'yarta tana riƙe da gwiwar hannunta.

"Iya, kin iso?" in ji Maigadi. "Yau ki zauna a hankali, kada dokin nan ya sake harbin ki."

"Har yanzu ba a gyara kujerar ba? Ai an ce min akwai kafinta."

Kafinta ya daɗe a tsugune. Ya laluba ko akwai gyaran da zai ɗauki Iya ya ɗauke shi ya kayar da mutum guda. Duk iliminsa na katako bai ba shi ba.

Ya ɗauki jakar, ya koma ciki. Likita tana nan inda ya bar ta.

"Ban huce ba," ya ce.

"Na gani."

"Kuma kada ki ce min komai."

Ya kife kujerar, ƙafafunta suka kalli fanka. Ya auna gajeriyar da tef, ya zana layi da fensir a kan sauran ukun, ya zaro zarto.

"Riƙe min nan, 'yar nan. Da ƙarfi."

Likita ta riƙe. Ya ɗora haƙoran zarton a kan layin farko, ya ja.