Ɗingishin Mahaifin Luqman

Da azumi ya kama, Luqman ya ajiye giya, amma ya kasa rabuwa da abokan shansa na unguwar Miskine. Bayan shan ruwa ya je ya zauna cikinsu da kwalbar lemo.

"Tashi ka yi mana tafiyar tsohonka, yadda ka saba in ka yi tatul," in ji Serge, mai gyaran babur.

Luqman bai gane ba. Sai Serge ya miƙe yana jan ƙafar hagu, sauran suka kwashe da dariya. Ɗingishin mahaifin Luqman ne sak, wanda harsashi ya bar masa lokacin rikici.

Serge bai taɓa ganin tsohon ba. A wajen ɗansa Luqman ya koya.