Sunan Adenike a Waƙa

Rahmatu ta kutsa cikin taron matan, tana ture wannan tana ba waccan haƙuri, har ta isa gaban rumfar bikin. Ba wanda ya gayyace ta. Tun azahar ta kife tandar masarta a Gauraka ta hau mota zuwa Suleja, don ta ji labarin Hajiya Sa'ida 'Yar Izom, shahararriyar mai kiɗan ƙwarya, za ta yi wasa.

Ita fa Rahmatu ba ta taɓa son waƙar matar nan ba. Ƙawarta Adenike ce mai so, Bayarabiyar da ta yi shekara ashirin tana tuyar ƙosai a gefenta. Kullum sai ta cika mata kunne da waƙoƙin Hajiya, da murya kamar tsohon injin markaɗe.

"Don Allah ki bar mu mu ji da hayaƙi!" in ji Rahmatu.

"Ki jira," Adenike kan ce. "Wata rana sai Hajiya ta sa sunana a waƙa."

Bara ta rasu, ko ido ba ta taɓa haɗawa da Hajiyar ba. Abin da ya kawo Rahmatu ke nan. To amma ta yaya? Manyan mata masu liƙi ake ambata, ita kuwa zanenta sai ƙaurin mai.

Can uwar amarya ta roƙi wata tsohuwar waƙa, wadda aka yi mata a nata bikin. Hajiya ta ɗauko, ta yi baiti ɗaya, sai ta tsaya cak. Tsufa! 'Yan amshinta duk sababbi ne, ba mai iya ceton ta. Ƙwarya na ta bugawa, mata sun fara kallon juna.

Rahmatu ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Baiti na biyu ya fito, na uku ya biyo, har da karyewar harshen Adenike, don a haka kawai ta san waƙar. Wuri ya ɗauki guɗa.

Hajiya ta miƙo hannu ta jawo ta. "Ke, baiwar Allah, wa ya koya miki? Wannan harshen ba naki ba ne."

"Ƙawata ce, Adenike. Ta rasu. Ba ta da buri irin ta ji sunanta a bakinki."

Hajiya ta goge ido, sannan ta ɗaga wa makaɗa hannu.

"Adenike ta Gauraka, mai ƙosai, kin riƙe mini abin da na yar!"

'Yan amshi suka karɓa, taro ya karɓa, har sau bakwai. Daɗi ya kama Rahmatu, kuka ya kama ta. Matar da ba ta taɓa taka rawa ba ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili.

"To, mai taurin kai," ta ce ƙasa-ƙasa, "ai ga shi an sa."