Geron Tambara

Lantana ta durƙusa a bakin gona, ta cusa hannu cikin ƙasa. Laima ta raka yatsunta har tafin hannu, daga nan sai busasshen rairayi. Ta zaro hannun, ta kakkaɓe shi a zane.

"Milimita tara aka yi jiya, Malam," ta ce. "Wannan ba ruwan shuka ba ne. Ruwan wanke rufin kwano ne."

Mijinta Ibrah yana tsaye a kanta, sungumi a kafaɗa, salula a hannu. Ya latsa salular, muryar wata mace ta fito da Hausa mai santsi: "Manoma, ku shirya. Cikin kwana uku za a sami ruwa mai yawa, fiye da milimita talatin. Lokacin shuka ya yi."

"Kin dai ji da kunnenki, Madam."

"Na ji. Muryarta da daɗi. Ta taɓa taka gonar nan?"

"Ba ta buƙata. Tauraron ɗan'adam ke gaya mata. Yana can sama, yana ganin hadari tun yana ƙasar Chadi."

"Yana ganin Chadi, amma bai ga tafin hannuna ba."

Shekara talatin da biyu Lantana ta yi tana koyarwa a lakwal ɗin Filinge, ta bar aiki tana direktiris, wato shugabar makarantar, shi ya sa har mijinta ke ce mata Madam idan yana son tsokana. Abin da ta fito da shi daga aikin bai wuce ciwon gwiwa ba, da wata tsohuwar rula ta katako, da ɗabi'ar rubuta komai. A bayan ɗakinta akwai gwangwanin tumatir ɗaure a kan turke. Duk ruwan da ya sauka sai ta tsoma rular ta auna, ta rubuta a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kayen sun kai goma sha huɗu.

Ibrah kuwa mutumin rediyo ne. Idan aka ce za a gina madatsar ruwa, a ranar yake fara jin sanyinta. Ita kuma takan ce tun tana budurwa ake faɗa musu cewa ma'adinin da ake haƙowa a arewa yana haska biranen wasu, saura kaɗan ya haska nasu, ga shi ta yi jikoki kuran, wutar lantarkin nan, yana zuwa mata kamar surukin da ke jin kunya, ya leƙo ya koma. An zo da zancen man fetur, ta ce a nuna mata a fitilarta. Masu mulki sun zo sun wuce, kowanne da jawabinsa, ta saurari kowanne har ƙarshe tana gyara masa nahawu.

"Ke ko an ce miki yau Talata sai kin duba kalanda," in ji Ibrah.

"Sau biyu na duba na tarar Laraba ce."

A kullum irin wannan musun shi ne abin shan furarsu. Amma yau akwai gora a tsakani. Cikin gorar, haɗe da toka don ƙwari, akwai abin da ya rage a duniya na geron Tambara, mahaifiyar Lantana. Da shi aka kawo tsohuwar gidan miji daga wani ƙauyen Kurfai, gero mai doguwar zangarniya, mai saurin nuna, furarsa ba ta neman sukari. Bara ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gonar ta ƙone, da ƙyar suka tsinci abin da ya cika gora ɗaya. Idan aka zuba shi a kan ruwan ƙarya, zai tsiro ya mutu, shi ke nan an gama da shi.

"Jiya na sa wa mutane muryar nan a majalisa," Ibrah ya ce a hankali. "Kowa ya ji. In aka ga gonata ba shuka, mi za a ce?"

Ta dube shi. Gemunsa ya yi fari fat, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A gidansu, kamar kowane gida a nan, shuka aikin mutum biyu ne: namiji a gaba yana sara da sungumi, mace a baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Shekara arba'in da ɗaya tana bin sawunsa. Idan ta ƙi yau, zai tsaya shi kaɗai cikin gona da ramuka ba mai cikawa, maƙwabta suna kallo.

"Fara sara," ta ce. "Bari in ɗauko iri."

Ta shiga ɗaki ta tsaya gaban gorar. Ta daɗe. Sannan ta juya ga buhun geron da suka sayo a kasuwa don tuwo, ta ɗebo ƙwarya guda, ta barbaɗa masa toka daga murhu, ta cuɗa.

Mai sara ba ya waiwaye. Idan ya waiwaya layi ya karkace. Ibrah ya yi gaba, sungumi na faɗuwa tak, tak, ita tana biye, tana jefawa tana takewa. Ba ta taɓa ɓoye masa ko allura ba, ga shi yau tana shuka ƙarya rami bayan rami. Kuma ta san abin da ta sa a caca: idan matar salula ta yi gaskiya, geron kasuwa zai cinye gonar, na Tambara ya ƙara shekara cikin gora yana rasa ƙarfi.

Daga gonar da ke gabas wani ya ɗaga murya. Magagi ne, ɗan kawunta, taubashinta tun suna yara, yana sara matarsa na biye.

"Madam! Yau kin miƙa wuya? Ashe akwai ranar da boko zai yarda da boko!"

"Yi ta kanka, tsohon banza. Layinka ya karkace kamar haƙoranka."

Kwana uku suka cika. Hadari ya taso da la'asar, ya yi baƙi a kudu, ya wuce. Gwangwani bai sami ko ɗigo ba. Da magariba autarsu Habsa, wadda ke aure a Baleyara, ta kira.

"Inna, ruwa muka sha yau kamar da bakin ƙwarya. Har katangar maƙwabta ta faɗi. Ku fa?"

"Mu iska muka sha."

Bayan mako guda matar salula ta sake magana: ruwa matsakaici ranar Alhamis. Alhamis ta zo ta wuce da rana tsaf. Habsa ta kira tana ƙorafin shanyarta ta jiƙe. Lantana ta ajiye salular, sannan ta ɗauko kaye ta ja layi uku da rula. Ɗaya na gwangwani, ɗaya na matar salula, ɗaya na Habsa.

Geron ya tsiro, kore shar, layi-layi. Ya yi kwana goma yana jira. Sannan bakin ganyen ya fara naɗewa, ya koma rawaya, iska mai zafi ta bi ta kansa da rairayi. Ranar kwana na goma sha takwas babu abin da ya rage sai ɗan tsinke nan da can.

Ibrah ya daina zuwa majalisa. Ya naɗe salular cikin tsumma ya jefa a rumbu. Ya kashe rediyo, abin da ko ranar da aka yi masa aikin ido bai yi ba. Aka kai masa fura zaure, ta dawo yadda aka kai ta.

Rana ta uku da barinsa cin abinci, da hantsi, Lantana ta sa tsani ta hau rumbu, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗauko salular. Ta same shi a zaure ya zura wa ƙofa ido. Ta zauna a gefen tabarma, ta ajiye salula, ta ajiye kaye, ta ajiye wani abu rufe da zane.

"Malam, a ina aka sa maka matar nan cikin salula?"

"Bar zancen maƙaryaciyar nan."

"Tambaya na yi."

Ya yi ajiyar zuciya. "Baleyara. Ran da na kai ragon nan kasuwa. 'Yan wani furoje ne, na taimakon manoma, suka kafa rumfa a bakin kara, da fararen riguna. Wata ɗiya ta amshi salular, ta ɗaga ta sama don tauraro ya gan ta, ta latsa, ta ce shi ke nan, ya san inda nike."

"Ya san inda kake." Lantana ta buɗe kayen ta tura masa. "Duba. Sau huɗu ta yi magana. Sau huɗu Habsa ta jiƙe. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Tauraronka ya gan ka tsaye a kasuwar dabbobi, ya ɗauka nan ce gonarka, tsakanin awaki da jakuna. Tun ranar yake ba ka labarin ruwan Baleyara, mu kuwa muna kilomita tamanin da wani abu daga can."

Ibrah ya bi layukan da yatsa. Ya kai ƙasa, ya koma sama.

"Wato ba ta yi ƙarya ba."

"Ba ta yi ba." Maganar ta fito mata da ƙyar, kamar tana haɗiyar magani. "Na so ƙwarai in kama ta, ban samu ba. Ta fi duk masu jawabin rediyonka gaskiya. Adireshi ne ba ta da shi."

Sannan ta yaye zanen. Gorar tana nan, bakinta toshe da ɓawon masara yadda yake tun kaka.

"Mai ƙarya a gidan nan ni ce. Geron tuwo na bi ka da shi."

Ta jira ya yi faɗa, ko ya yi hamdala. Bai yi ko ɗaya ba. Gefen bakinsa ne kawai ya motsa.

"Na sani."

"Ka waiwaya?"

"Ni? Shekara arba'in da ɗaya ban waiwaya ba. Amma in geron Innarki kike shukawa, ƙirga ƙwaya kike yi, ina kai ƙarshen layi ina jiranki. Ran nan kuwa har diddigena kika taka sau biyu."

Kunya ta kama ta, irin wadda ta manta da ita tun tana amarya. Ta gyara ɗankwali ba tare da ya kwance ba.

"To, in ka sani, don mi ka bar cin abinci?"

"Magagi." Ya sunkuyar da kai. "Shi ba ya da salula, ba ya da gwangwani. Cewa ya yi shamuwa ba ta gama ginin sheƙa ba, a dakata. Ni na sa mashi muryar nan sau uku har ya yarda. Duk irin da ya ajiye ya zuba. Shi ba wanda ya musanya mashi."

Lantana ta dubi gorar. Gora ɗaya ce, ba ta ma isa gonarsu ba sai an yi tsantseni. Ta jawo ta kusa da gwiwarta, ta riƙe wuyanta da hannu biyu. Duk rayuwarta ta yi shakkar rediyo, ta yi shakkar tauraro, ta yi shakkar duk wanda ya taɓa hawa mumbari da lasifika. Abu ɗaya ne ba ta taɓa tambaya ba: ko wayo ne a ce abin da uwarta ta bari duka yana zaune cikin gora ɗaya, a gona ɗaya, ƙarƙashin gajimare ɗaya.

Ta tura masa ƙwaryar furar da ke ajiye gefensa tun safe.

Ruwan gaske ya zo bayan kwana biyar, tun daga azahar har la'asar sakaliya. Da safe rula ta nuna ashirin da bakwai. Lantana ta durƙusa a bakin gona, hannunta ya shige har gwiwar hannu bai taɓa busasshe ba. Ta koma gida ta zazzage gorar cikin ƙorai biyu, ta daidaita su da gefen rula, ta ɗauki ɗaya ta nufi gabas.

Magagi yana zaune a kan kututture yana kallon jiƙaƙƙiyar gonarsa. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ta.

"Mi ne ne wannan?"

"Geron gwaggonka. Ba kyauta ba ne, ajiya ce. In nawa ya mutu, wurinka zan zo. Ƙwaya biyar a rami, ba goma ba, na san hannun matarka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki, abin da ya fito bai yi kama da tsokana ba, sai ya rufe, ya yi tari.

"Boko dai bai hana rowa ba," ya ce daga baya. "Har da aunawa da rula."

Da ta dawo, Ibrah ya riga ya tsaya a bakin layin farko da sungumi. Ya ɗaga shi ke nan salular ta yi ƙara cikin aljihunsa. Ya tsaya, bai san ko ya taɓa ta ba.

"Sa mu ji," in ji Lantana.

Muryar nan mai santsi ta ce yau za a yi rana, babu alamar ruwa.

"Madalla. Habsa ta yi wanki." Ta tsunkulo gero ta ƙirga biyar a tafin hannu. "Sara, Malam. Kuma ka yi haƙuri, yau za ka jira ni."