Abin da Sumie Ta Rubuta a Ƙasan Taga

Shekara arba'in da huɗu ina lulluɓe gidajen mutane a garinmu Uozu da ke bakin teku, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya sha faɗana a kan magana ɗaya: daga ƙasa ake farawa. Farar ledar nan da muke rufe katakon bango da ita kafin a kafa allunan waje, ta ƙasa ake fara shimfiɗawa, ta sama ta sauko ta hau kanta da faɗin tafin hannu. Ko ruwa ya ratso allunan waje, gangarowa zai yi daga wannan zuwa waccan har ya faɗi ƙasa. Haka bakin taga: salatif ɗin ƙasa tukuna, sai na gefe biyu, na sama ya zo ƙarshe ya danne su. Na taɓa sa wani mai furfura ya yage aikin yini guda don ya juya wuri ɗaya. Bai ƙara gaishe ni ba, ni ma ban nema ba.

To a gidana, a ƙasan tagar kicin, akwai inda ta ƙasa ta hau kan ta sama. Ni na buga shi da hannuna, idona biyu.

Ranar da aka ɗora katakon tsakiyar rufin gidan, muka yi abin da aka saba. Aka watsa wa maƙwabta curin shinkafa daga sama, masu gida suka shafa tawada a tafin hannu suka danna a katako, kowa ya rubuta fatansa kafin bango ya rufe. Ni da 'yarmu Chizuru muka sa namu. Matata Sumie tana asibiti, an yi mata aiki a ƙugu. Ta aiko Chizuru ta gaya mini cewa in na kuskura na rufe gidan babu hannunta a ciki, to in nemi mai dafa mini abinci.

Damina kuwa ta ƙarato, kuma katako ba ya jiran mara lafiya. Na lulluɓe gidan kaf, na kafa tagogi, na bi su da salatif, na bar mata ɗan fili a ƙasan tagar kicin, ɓangaren da ke kallon teku. Nan ne kawai za ta iya kaiwa daga waje, don ba a yi matakala ba tukuna.

Da aka sallame ta na kawo ta da sandarta, na ajiye mata kujera. Ta danna hannunta da jar tawada, sannan ta ɗauki alƙalami ta ce in juya baya. Ta daɗe tana rubutu, har ƙafata ta fara tsami. Da na juyo, ta riga ta ɗauki ledar da na yanka ta rufe wurin, ta danne da hannu biyu. Na yi mata bayani cewa sai na ɓare salatif ɗin taga, na ɗaga ta sama, na cusa wannan a ƙarƙashi. Ta gane sarai cewa in na yi haka zan ga rubutun.

"Buga a haka," in ji ta.

"Sumie, ruwa zai bi ta baya."

"Kai da ruwanka. Shekara talatin ko takardar da nake maƙala wa firji ba ka karantawa, yau karatu ya zo maka? Buga, tsoho, hannuna ya gaji."

Ni da ba mai juya ni a wurin aiki, sai ga ni ina bugawa. Na bi bakin da salatif har ninki biyu, na ce wa kaina zai riƙe. Na san ƙarya nake. Iskar tekun nan ba ta barin danƙo ya tsufa da mutuncinsa.

Duk damina sai na shafa bangon ta ciki in ji ko ya yi sanyi. Sau biyu na ce mata mu buɗe mu gyara, sau biyun tana dariya tana cewa in ta mutu in buɗe in karanta, kafin nan kada in taɓa. Na ƙyale. Amma kada in ɗora mata laifin duka. Aikin safiya ɗaya ne, kuma da Chizuru ta tsaya ta rufe rubutun da kwali, da an gama ba tare da na gani ba. Girman kai ne ya hana ni. Ban so mutanen unguwa su gan ni, Tokuji mai yawan faɗa, ina ɓare bangon gidana ba.

Shekara goma sha biyu ta yi tana girki a wannan taga. Ta rasu a watan Fabrairu, dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Da ruwan Yuni ya sauka, Chizuru ta zo ta kunna wa mahaifiyarta turare, kamar yadda muke yi wa mamaci. Ta shiga kicin ta dafa shayi, sai ta kira ni ta nuna mini baƙin tabo a ƙasan taga, wurin yana warin fumfuna. Ina jin kunyar faɗa, amma daɗi na ji. Auren haɗi aka yi mana, kuma mu mutanen lokacinmu ba mu iya faɗar abin da ke ciki ba. Shekara arba'in da biyu ban taɓa tambayarta ko ta ji daɗin zama da ni ba, ita ma ba ta ce ba. Duk abin da take da shi na faɗa mini, na tabbata yana bayan ledar nan.

Washegari da safe ruwa ya ɗauke. Na yi aski, na sa rigar aiki mai tsabta, Chizuru tana yi mini tsiya wai zance zan je. Na cire allunan waje ɗaya bayan ɗaya. Salatif ɗin ya riga ya saki, ya buɗe baki yana tarar duk ɗigon da ya gangaro daga taga. Na ja ledar.

Katakon ya yi baƙi ƙirin. Na taɓa shi, yatsana ya shige kamar a dafaffiyar kabewa. Chizuru ta haska fitilar wayarta, ta duba ta nan, ta duba ta can, ta ɗauki hoto ta ƙara masa girma. Ni kuma na durƙusa ina goge wurin da tsumma a hankali, sai saman katakon ya biyo tsumman. Babu hannu, babu harafi ko ɗaya. A can gefe ne kawai aka ga ɗan jaja-jaja da bai kai farce ba.

Na tambayi Chizuru ko mahaifiyarta ta taɓa gaya mata abin da ta rubuta.

"Na tambaye ta a asibiti kafin ta rasu, Baba. Ta ce ba nawa ba ne, naka ne."

Tun da aka yi jana'iza ban yi kuka ba. A nan na yi shi, a durƙushe cikin laka, maƙwabta suna wucewa da kekunansu, ban damu da wanda ya gani ba.

Aiki dai dole a yi shi, don hadari ya fara haɗowa daga teku. Na yanke ruɓaɓɓen da zarto, na kafa sabon katako. Kafin in rufe, Chizuru ta shiga gida ta fito da tawada da alƙalami, ta ce in rubuta wa Mama wani abu, ita za ta juya baya.

Ta juya. Na riƙe alƙalamin har tawadar ta bushe a bakinsa. Ban sani ba ko godiya ta yi mini, ko ƙorafi, ko tsokana ce kawai irin tata, to wace amsa zan ba ta? Na ɗaga ledar da ke sama, na cusa ta ƙasa a ƙarƙashinta, na rufe katakon babu komai a jikinsa.

"Ka gama, Baba?" in ji Chizuru, bayanta na gare ni.

Na ce mata na gama.