Awo Biyu a Takarda Ɗaya

Noti biyu suka shiga lafiya lau, na uku ya ƙi. Isaiah ya ɗaga farantin ƙarfen, ya juya shi, ya sake ɗora shi a gindin injin, ya leƙa ta hujin da ido ɗaya kamar mai zura zare a allura. Ƙarfe kawai ya gani a ƙasa. Ya ɗauko faranti na biyu ya gwada, haka nan. Kafin ya kai na goma sha biyu, masu walda duk sun ajiye aikinsu sun zagaye shi, direban da ya zo tun daga Kagara ɗaukar kayan kuwa ya sauko daga mota yana tambaya ko lafiya.

Malam Ɗanladi yana tsaye a kan matakalar benen ofis, yana kallon abin da ke faruwa. Shi ne mai zanen wannan ƙaramar ma'aikata ta Chanchaga a Minna, wadda ke ƙera kayan injin casar shinkafa. Duk ƙarfen da aka yanka a ƙasa, daga takardarsa ya fito. Da ya ga Isaiah ya ɗora rula tsakanin huji da huji ya ce ɗari da ashirin, sannan ya auna gindin injin ya ce ɗari da arba'in, sai ya kawar da kai. Ya san lambobin nan biyu, ya kuma san inda suka haɗu.

Aka kira mai ma'aikatar, Injiniya Ndatsu, a waya. Yana unguwar Tunga wajen wani taro, amma muryarsa ta iso Chanchaga ba tare da an sa wayar a kunne ba. Ƙarfen daga Kaduna aka kawo shi, manoman Kagara sun fara yankan shinkafa, kuma ya yi musu alkawarin injinan za su tashi kafin ranar kasuwa. Ya ce kada kowa ya taɓa komai. Da ƙarfe biyu zai dawo ya buɗe zanen da kansa, wanda duk laifin ya faɗa kansa, yau zai kwashe komatsansa.

Ɗanladi ya koma sama. Shekararsa hamsin da takwas, talatin da biyar daga ciki a tsaye ya yi su gaban allon zane. Ubansa makanikin jirgin ƙasa ne, shi ya fara riƙa masa fensir. A zamanin allo ba wanda ya isa ya gyara masa layi a garin Minna. Zai zana abu yadda yake ta gaba, ya ja siraran layuka da doguwar rula su sauka kai tsaye kan yadda yake ta sama, ya ja wasu su tafi kan yadda yake ta gefe. Zanuka uku a jere, kowane huji yana kallon ɗan'uwansa, ko makaho ya shafa zai gane in wani ya kauce. Ƙa'idar da aka koya masa kuwa ba ta da wuya: awo ɗaya, wuri ɗaya.

Shekara biyu da suka wuce Injiniya ya jingine allon a bango ya ajiye masa kwamfuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Ɗanladi kuwa ya daɗe da bushewa. Ya koya dai, don ba yadda zai yi, amma koyon dole. Linzamin kwamfutar ya ƙi bin hannunsa, don haka yake zana gaba daban, sama daban, gefe daban, in ya gama sai ya jawo kowanne ya cusa shi inda ya ga fili a takarda. Saboda bai yarda da na'urar ba, yake maimaita awo sau biyu, wai don a tabbata. Sau uku Injiniya yana ja masa kunne a bana, na ƙarshen har da gaya masa cewa yaran da suka gama jami'a suna nan birjik suna jiran kujerar.

Ya buɗe zanen. Abin da yake tsoro shi ya tarar. Makon jiya Injiniya ya bugo waya ya ce an canja injin, a buɗa tsakanin hujin zuwa ɗari da arba'in. Maimakon Ɗanladi ya matsar da hujin a zanen, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa: ya goge lambar da ke zanen gaba ya buga sabuwa da hannu, yadda a da yake kankare tawada da reza. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ya tashi salla, ya manta da zanen sama. Ga shi nan can gefe a karkace, ba ya ƙarƙashin zanen gaba balle ido ya kama bambancin, yana ɗauke da ɗari da ashirin ɗinsa. Isaiah mai huda kuwa zanen sama yake dubawa, don ta sama yake huda.

Ya daɗe zaune yana kallon lambar. Isaiah ba baƙo ba ne a gare shi. Shekara goma sha tara ke nan da ya zo daga kudancin Kaduna, yana da hannu amma bai san karatun zane ba, Ɗanladi ne ya zaunar da shi ya koya masa. Duk Kirsimeti sai matar Isaiah ta aiko da shinkafa da kaza, ta kuma tabbatar Musulmi ne ya yanka. Duk Sallah sai Sakinatu, matar Ɗanladi, ta rama. Ya tuna da wannan duka. Ya kuma tuna cewa in ya sauka daga benen nan yau, ba inda ake neman mai allo da fensir a duk faɗin jihar Neja. Ya hango kansa zaune a ƙofar gida tun daga hantsi, mutane suna wucewa suna masa sannu da hutawa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya girma.

Da aka kira azahar ma'aikatar ta yi shiru, wasu sun tafi masallaci, wasu wajen mai abinci. Ɗanladi bai tashi ba. Ya jawo zanen sama a hankali ya ajiye shi daidai ƙarƙashin zanen gaba. Ya matsar da hujin a duka biyun, ya ja siririn layi daga tsakiyar na sama ya sauka tsakiyar na ƙasa, bai kauce ko da ƙwayar gero ba. Ya share lambar da ya buga da hannu, ya bar na'urar ta auna da kanta, ta rubuta ɗari da arba'in a wuri ɗaya tak. Abin da ya gagare shi shekara biyu, yau cikin minti ashirin ya yi shi, hannunsa ko rawa bai yi ba. Takardar da ake kankarewa da reza takan bar tabo, wannan kuwa fes take kamar haka aka haife ta.

Ƙarfe biyu da kwata Injiniya ya iso. Ya hau sama, ya duba allon kwamfutar, ya sa aka buga zanen, ya sauko da shi a hannu, Ɗanladi na biye. A gaban kowa ya nuna wa Isaiah lambar, ya tambaye shi inda ya samo ɗari da ashirin. Isaiah ya karɓi takardar ya dube ta tsawon lokaci. Ya ɗago ya kalli Ɗanladi sau ɗaya, Ɗanladi ya mai da idonsa kan wani guntun ƙarfe a ƙasa. Injiniya ya ce ya kawo takardar da aka ba shi ya yi aiki da ita. Isaiah ya ce ba ta nan, wataƙila an kwashe ta da shara.

"To ka yarda kai ka ɓata mini ƙarfe?"

"Ni na huda, Oga," in ji Isaiah.

Maganar ke nan. An bar jaki an doki taiki, jakin kuwa yana tsaye yana kallo. Injiniya ya ce ya ajiye mabuɗin akwatin kayan aiki ya tafi. Masu walda suka koma wajen aikinsu sumumu, direban Kagara ya tayar da mota ya juya ba kaya.

Ɗanladi ya rasa inda zai sa kansa, sai ya tsinci ƙafafunsa sun kai shi bakin ƙofa. Isaiah ya wanke hannu, ya sauya riga, yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Isaiah ya sa hannu a aljihu ya ciro wata takarda a ninke, duk ta sha baƙin mai, ya miƙa masa.

"Baba, ga takardanka. Kar ya faɗa hannun wani."

Ɗanladi ya buɗe ta. Ga zanen saman can gefe a karkace, ga ɗari da ashirin, har da da'irar da Isaiah ya yi wa lambar da biro kafin ya fara huda. Da ƙyar ya iya tambayarsa me ya sa bai nuna ba.

"Ni ina da hannu, ko bakin titi zan kafa walda in ci abinci. Kai fa, Baba, ina za ka je?" Ya buga babur ɗin sau biyu kafin ya tashi. "Ka gai da Mama."

Ba da gatse ya faɗa ba, da ma gatsen ne da ya fi sauƙi. Ɗanladi ya tsaya har babur ɗin ya hau titi ya ɓace cikin masu acaɓa. Ya san, kamar yadda Isaiah ya sani, cewa a garin nan ma'aikatu irin tasu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kafin gobe duk sun ji sunan wanda ya ɓata faranti goma sha biyu. Kunya ta rufe shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya nufi bene, yana shirya maganar a ransa. Zai shimfiɗa ta a tebur kusa da sabuwar, ya ce a aika a kirawo Isaiah, sauran kuma Allah ya san yadda zai yi da shi.

Ya tarar da Injiniya zaune, fushinsa ya sauka, yana riƙe da sabon zanen yana bin layukan da yatsa. Injiniya bai ba shi damar magana ba. Ya ce gaskiya zai faɗa masa, tun a hanya ya yanke cewa laifin nasa ne, har ya yi wa wani yaro alkawarin kujerar ƙarshen wata. Amma wannan zane ya ba shi kunya. Kowane zane yana ƙarƙashin ɗan'uwansa, awo ɗaya a wuri ɗaya, ko a Kaduna aka kai shi ba mai cewa uffan.

"Ka yafe mini zargin da na yi maka, Malam Ɗanladi. Hannunka ya zauna yanzu. Gobe zan kawo sabon mai huda, kai za ka nuna masa aiki."

Hannun Ɗanladi na cikin aljihu, yatsunsa a kan takardar, yana jin maiƙonta. Injiniya ya miƙo masa sabon zanen yana jira. Ɗanladi ya zare hannun, ya goge yatsun a gefen rigarsa don kada ya ɓata farar takardar, ya karɓa da hannu biyu.

"To, Injiniya," ya ce. "Allah ya kai mu."